Juyawa ita ce birkin mai zamiya a kan dusar ƙanƙara

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwa da karatu ko aiki ya kai su ƙasashen sanyi, don na ga hotuna sun fara yawa, kowa ya ɗaura katakon zamiya a ƙafa ya tsaya kan dusar ƙanƙara yana murmushi. Hoto ai ba wuya. Juyawa ce aikin, don katakon nan ba wani birki da za ka taka, juyawar ita ce take rage maka gudu.

Ni abokina ne ya ja ni, ranar farko ya hau da ni can saman dutse wai ai a hanya ake koyo, wallahi rabin gangaren da mazaunai na sauko shi, duk na ga gudu ya yi yawa sai in ja jiki baya kamar mai tsoron faɗawa rijiya, ashe shi ne babban kuskuren, in nauyinka ya koma dunduniya, gaban katakon ya daina cizon ƙanƙara sai ya tafi da kai inda ya ga dama, kuma irin wannan faɗuwar ce take tsinka jijiyar gwiwa.

Washegari na nemi mai koyarwa, wata dattijuwa. Farkon abin da ta yi ta karɓe sandunan hannuna. Ta ce in matso da kan katakon biyu kusa da juna, tazarar dunƙulen hannu, in buɗe bayansu kamar harafin A, ƙwabrina kuma ya riƙa danna gaban takalmi. Sai ta faɗi abin da ya ɗaure min kai: in hagu kake so, ƙafar dama za ka ɗora wa nauyi. Na ce baba anya kuwa? Ta ce gwada. Na danna dama a hankali, ban murɗa kafaɗa ba ban yi komai ba, sai ga ni ina karkata hagu har na fuskanci gefen dutsen na tsaya cak. Katakon zamani tun shekarun 1990 tsakiyarsa tsukakke ne, kai da wutsiya sun fi faɗi, shi ya sa in ka danna gefensa shi da kansa yake shan kwana.

Wannan tsari na farawa da harafin A ba sabo ba ne, wani malamin zamiya mai suna Hannes Schneider ne ya yaɗa shi daga garin St. Anton na ƙasar Ostiriya tun shekarun 1920, har yau da shi ake fara koya wa yara da manya.

Sannan a duba launin alamar hanya, shi ke nuna sauƙinta ko wuyarta. A Amurka kore ne na 'yan koyo, a yawancin Turai shuɗi ne mai sauƙi, ja da baƙi ba namu ba ne tukuna. Dokar FIS kuma, wato hukumar wasan zamiya ta duniya, ta ce wanda ke gabanka shi ke da hanya, in ka buge shi ta baya laifinka ne, "ban iya tsayawa ba" ba hujja ba ce.

Ni dai har yanzu juyawata ta dama ba ta kai ta hagu kyau ba, kuma dattijuwar nan kullum sai ta yi min ihu in daina kallon ƙafata.

Na gode.
Wani mai karatu