Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kafin Taron Farkaswa

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, da matarka da yara. Mahaifiyarka tana gaishe ku.

Na ga saƙonka cewa dattawa sun ɗora maka shirya taron farkaswa na kwana uku bayan an gama girbi, kuma wasu a kwamitin suna so a kawo mai wa'azin da ya iya sa mutane kuka. Ka tambaye ni ko laifi ne a taɓa zuciyar mutane. Ba laifi ba ne. A ranar Fentikos maganar Bitrus ta soki mutane a zuci, Bulus ya yi shekara uku a Afisa yana gargaɗi da hawaye, Yesu kansa ya yi kuka saboda Urushalima. Wa'azin da bai kai zuciya ba darasin makaranta ne kawai. Abin da za ka riƙa dubawa shi ne daga ina kukan ya fito, daga gaskiyar da mutum ya ji ya gane, ko daga dabarar da kuka shirya masa bai sani ba. Ka gwada kowane shiri da wannan tambaya: za ka iya tsayawa gaban jama'a ka ce "ga abin da za mu yi, ga dalilinsa" ba tare da kunya ba? Abin da ba ya aiki sai an ɓoye shi, ka cire shi. Bulus ya faɗi haka a 2 Korantiyawa 4:2, ya ce sun rabu da ɓoyayyun abubuwan kunya, ba sa makirci.

Gardamar nan ta daɗe. Charles Finney, lauya ne a Amurka kafin ya zama mai bishara, shi ya yaɗa ajiye benci a gaba domin masu damuwa da zunubinsu, musamman a taron Rochester na 1830 zuwa 1831. Ya koyar cewa farkaswa ba mu'ujiza ba ce, sakamako ne na amfani da hanyoyin da suka dace. A 1843 wani malamin tauhidi, John Nevin, ya ƙalubalance shi, yana cewa bencin yana sa mutum ya ɗauki tasowa daga kujera a matsayin sabuwar haihuwa. Tun kafin su, a 1746, wani fasto a Amurka mai suna Jonathan Edwards ya rubuta cewa hawaye da rawar jiki ba su tabbatar da aikin Ruhu, ba su kuma ƙaryata shi, sai an ga rayuwar mutum daga baya. Kiran fitowa gaba da muke yi yau, wanda mutanenmu suka gani wurin Billy Graham da ya zo Nijeriya a 1960, jikan wannan benci ne. Al'ada ce mai amfani, amma ba umarnin Littafi Mai Tsarki ba ce, saboda haka kana da 'yancin gyara ta.

Ka fara da lokaci. Kada a tsayar da mutane suna waƙa awa biyu kafin wa'azi, a kuma yi kira da sha ɗaya na dare. Manomin da ya yini a gona, ga yunwa ga barci ga ƙarar lasifika, ba shi da ƙarfin cewa a'a, kuma "i" ɗinsa a wannan hali ba ta nauyi. Waƙa minti talatin, wa'azi minti arba'in, a tashi kafin tara da rabi.

Lokacin kira, ka sa mai kiɗa ya tsaya, ko a rera waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi a gama ta. Abin da ake yi na sa mai piyano ya riƙa bin muryar mai wa'azi a hankali, ana maimaita baiti ɗaya sau goma, yana kawo hawaye ko da me ake faɗa. Gwada shi da labarin mutuwar akuya ma za ka ga ido ya cika. A yi kira sau ɗaya, a fili, a faɗi abin da ake kiran mutum gare shi. Kada a ce "wannan ne kira na ƙarshe" sannan a sake sau huɗu, domin ƙarya ce a kan bagadi. Kada a ce "kowa ya rufe ido, ba mai ganinka, ɗaga hannu kawai", sai hannu ya tashi a ce "duk wanda ya ɗaga ya fito gaba". An yi masa alkawarin sirri an karya cikin minti biyu. Masu ba da shawara kuma su zauna a gaba tun farko, a gabatar da su. In suka ɓuya cikin taro suka fara tasowa kamar masu tuba domin a bi su, yaudara ce, ko da niyyar mai kyau ce.

Hukunci da mutuwa suna cikin bishara, ka faɗe su. Amma kada mai wa'azi ya ƙirƙiri labarin saurayin da ya ƙi fitowa mota ta buge shi a hanyar gida. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a ƙauye kuwa ya fi ƙurewa. Haka shaidar warkarwa: kada a hau da mutum kan dandamali a daren da aka yi masa addu'a, kada kuma kowa ya ce wa mai ciwon sukari ko hawan jini ko mai shan maganin ƙanjamau ya zubar da maganinsa don nuna bangaskiya.

Kuɗi da abinci su ne inda aka fi faɗuwa. A karɓi baiko da wuri, kafin wa'azi. Wanda yake kuka bai kamata a miƙa masa kwano ba, kuma 2 Korantiyawa 9:7 ta hana bayarwa ta dole. Kada a kira adadi a ce masu dubu goma su fito a sa musu albarka ta musamman. Amsar da Bitrus ya ba Siman mai sihiri, wanda ya so ya sayi baiwar Allah da kuɗi, a Ayyukan Manzanni 8 ta ishe mu. In za ku raba hatsi ko tufafi ko magani, ku raba da rana, ga kowa, ba tare da rubuta sunan wanda ya zo taro ba. Gwauruwar da ta ga buhun masara a gefen dandamali za ta fito, ba kuma laifinta ba ne.

Wanda ya fito, a kai shi wuri mai shiru, mace wurin mace daga zumuntar mata, namiji wurin namiji, mai ba da shawara ɗaya ga mutum uku, kada su fi haka. Tambaya ta farko ita ce "me ya fito da kai?" Za ka tarar wani ciwo ya kawo shi, wani neman aiki, wani abokinsa ya biyo, wani kuma ya riga ya fito a taro biyar. Kowanne a taimake shi a kan abin da ya kawo shi, kada a sa duka su maimaita addu'a ɗaya a ce sun tuba. Yara ƙanana a yi musu addu'a a sallame su, a je a ga iyayensu. Wanda ya fito daga gidan da ba na Kirista ba, a gaya masa gaskiyar abin da zai iya fuskanta wajen dangi da aure da gado, kamar yadda Yesu ya ce mai gini ya fara zama ya yi lissafi a Luka 14:28. A ba shi lokaci. Kada a ɗauki hotonsa, balle a sa a Facebook. Kai za ka koma gidanka, shi ne zai kwana cikin danginsa.

Sai rahoto. Majalisa za ta tambaye ka mutum nawa, kuma nan ne jarabar take, domin wanda ake auna shi da yawan hannuwa zai koyi yadda ake ɗaga su. Ka rubuta lamba huɗu dabam-dabam: waɗanda suka fito, waɗanda aka ziyarta cikin mako guda, waɗanda suka shiga ajin baftisma, da waɗanda suke zuwa sujada bayan wata shida. Ka ware waɗanda suka taso daga wata ikkilisiya, wannan ƙaura ce ba girma ba. Ta huɗun za ta yi ƙasa da ta farko sosai, misalin mai shuka a Markus 4 ya riga ya gaya mana haka, amma ita za ka kai wa dattawa. Saboda wannan, ka horar da masu ziyara wata biyu kafin taro, irin yadda 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai Don Kowa suke bi gida-gida biyu-biyu, ka kuma ware musu kuɗin mota kafin a ware na janareta da fosta.

Baƙon mai wa'azin, ka zauna da shi tare da dattijo ɗaya tun kafin a buga sunansa, ku karanta masa waɗannan sharuɗɗa. In bai yarda ba, ka gode masa ka nemi wani. Ka aiko mini da ranakun in kun tsayar, domin mu sa ku cikin addu'ar asuba.

Mahaifinka.