Wasiƙa zuwa ga 'yata kan jarrabawar bayoloji

'Yata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Saƙonki ya iso, na kuma ji ɓacin ranki kan takardar bayoloji. Kin ce ke da 'yan ajinku kun fito kuna ta kukan an zalunce ku, an kawo abin da ba a koya muku ba. Ban ce ki haɗiye ba, amma ina so ki zauna ki raba abu biyu da kuka cakuɗa: tambaya mai wuya daban, tambayar da ba adalci a cikinta daban.

Ɗauki wadda ta fi ci miki rai, ta gadon halitta. Kin ce a aji da wake aka yi muku misali, sai ga shi an kawo zomaye, baƙi da fari. To, ai dokar ɗaya ce. Gregor Mendel, da ya wallafa bincikensa a 1866, ya haɗa dogon waken Turawa da gajere, zuriyar farko ta fito duk dogaye. Da ya bar su suka haihu a tsakaninsu, sai ya ƙirga dogaye 787, gajeru 277, wato kusan uku bisa ɗaya. Abin da aka so ki ɗauka ke nan, ba sunan shukar ba. Wannan lissafin ne ya sa in mai AS ya auri mai AS, kowane ciki na da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Wanda ya gane dalilin, ko zomo aka kawo masa ko ƙuda, zai zana akwatin nan mai gida huɗu na lissafin gado ya fitar da amsa. Wanda ya haddace shafin littafi kuwa, da an canja masa dabba sai ya ga kamar wata duniya aka kai shi. Masu shirya tambaya da gangan suke yin haka, kuma ni ban ga laifinsu a nan ba. In duk tambaya za ta zo yadda take a littafi, da me za a bambanta mai fahimta da mai hadda?

Haka batun yankan dankalin da aka tsoma a ruwan gishiri aka ce ku bayyana abin da ya sa ya yi laushi. Kin rubuta cewa ya yamushe, kika tsaya. Ai wannan an gani da ido. Makin yana wurin dalili: ruwa ya ratsa tantanin ƙwayoyin dankalin ya fita zuwa inda gishiri ya fi yawa.

Sai dai in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Masu jarrabawa mutane ne, suna kuskure. Tambayar da kika ce zanen zuciya ya dushe har ba a gane inda kibiya ta nuna, ko ɗakin sama ne ko jijiyar da ke kusa da shi, wannan kuka ne na gaskiya. Haka in an ba da zaɓi huɗu, biyu duk daidai ne, ko babu daidai ko ɗaya, ko an ɗauko batun da sam ba ya cikin manhaja. Ki lura, manhajar hukumar jarrabawa nake nufi. In batun yana ciki amma malaminku bai kai gare shi ba kafin zango ya ƙare, to ƙorafinku da makaranta yake.

Abin da za ki yi shi ne ki samo manhajar, ki ajiye ta gefen takardar tambayoyi, ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda kika tabbatar tana da matsala, ki rubuta lambarta da abin da ke damunta cikin jimla biyu ko uku, cikin ladabi, ki kai wa malaminku, shi ya miƙa wa shugaban makaranta. Ta hannun makaranta irin wannan koke yake samun shiga. Hukumomin jarrabawa da yawa sukan tara manyan masu duba takardu su daidaita tsarin ba da maki kafin a fara, kuma a nan ake iya soke gurɓatacciyar tambaya ko a karɓi amsa fiye da ɗaya. A wurare da dama ma sai an ga yadda ɗalibai suka yi gaba ɗaya kafin a yanke makin da zai ba da kowane mataki, don haka wuyar da ta shafi kowa ba lalle ta ja ki ƙasa ba.

Ba na so in ga sunanki cikin masu zagin malamai a waya. Malaminku shi zai ɗauki kokenku ya kai gaba.

Ki turo mini hoton shafin da zanen yake, in gani da idona. Kuma kina da kemistiri a gabanki, kada ki bari zancen nan ya cinye miki daren karatu. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya ba da sa'a.

Mahaifinki