Matan zumunta ba waƙa da girki kaɗai suka iya ba

Ranka ya daɗe Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya aiki ya iyali. Don Allah ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya. Ni 'yar Zumuntar Mata ce a ekklisiyar EYN (Ekklisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya), zumuntar da muke kira ZME, haihuwar ƙasar Mubi amma yanzu a Jimeta nake zaune, kuma na riƙe jakar kuɗin zumuntarmu shekara da shekaru, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba, da hannuna na ƙirga shi.

Duk lokacin da aka ambaci matan zumunta, ko a jarida ko a rediyo ko a Facebook, abu ɗaya ake nunawa, mata sun sha anko da farar riga da ɗankwali suna buga tulu suna kaɗa caki suna rawa, shi ke nan an gama da mu. To ba na musu, muna waƙa kuma muna son waƙarmu, wanda bai taɓa jin mata ɗari suna amshi murya ɗaya ran Lahadi ba an bar shi a baya. Amma fa waƙar nan kamar ganyen da ke saman ruwa ce, aikin yana ƙasa, kuma shi ne ba wanda yake tambaya.

Bari in fara da mudu. Tun ina yarinya mahaifiyata tana da wata tsohuwar ƙwarya a bayan randa, duk ranar da za a kai niƙa sai ta ɗebi tafi ɗaya na dawa ta zuba a ciki kafin ta ba mu sauran, ko da kuwa hatsin ya kusa ƙarewa a rumbu. In ka tambaye ta sai ta ce na mai bishara ne, wato wanda ekklisiya ta aika wa'azi ƙauye. Mu yara har haushi muke ji, mu ga tuwo ba ya isa amma ƙwaryar nan kullum sai an ba ta rabonta. In ta cika sai ta juye a buhu ta ɗora a ka ta kai majami'a ranar zumunta, kowace mace ta kawo nata, mai dawa mai masara mai gyaɗa mai kuka da daddawa, wata sabulu guda ɗaya tak ta samu ta kawo, a haɗa a ɗaure a aika wa mai bishara da matarsa can ƙauyen da ko mota ba ta shiga da damina. Sai da na girma na je da ƙafata na kai irin wannan kaya na gane abin da Mama take yi. Mun tarar da matar mai bisharar tana dafa ganye ba gishiri ba mai, yara uku zaune suna kallon tukunya, da ta ga buhun nan ba ta ce komai ba sai ta durƙusa ta rungume shi tana kuka. Ranar nan dukanmu ba wadda ta iya ta da waƙa.

Mutane suna jin ana cewa Turawan mishan ne suka kawo bishara arewa, gaskiya ne sun kawo. A wajenmu Stover Kulp da Albert Helser ne suka yi sujada ta farko a gindin tsamiya a Garkida ran 17 ga Maris 1923, har muka yi bikin shekara 100 a 2023. 'Yan mishan ɗin SIM sun shigo ƙasar nan tun 1893, daga cikinsu ekklisiyar ECWA ta fito a 1954, Karl Kumm na mishan ɗin SUM ya sauka Wase a 1904, su ne tushen ekklisiyar COCIN, 'yan Denmak kuma suka zauna Numan a 1913 inda ekklisiyar LCCN ta samo asali. Amma Turawan nan ai sun tafi da daɗewa. Wa ya ci gaba da riƙe masu bishara bayan tafiyarsu? ECWA tana da ƙungiyar aika masu bishara da ake kira EMS, ka tambayi kowane ɗan EMS wa yake tuna shi da hatsi da zanin matarsa da kuɗin makarantar yara, in bai ce matan zumunta ba ka zo ka kama ni. Haka abin yake a COCIN da LCCN da HEKAN da Katolika, sunan ƙungiya da launin zani ne kawai suka bambanta, hali ɗaya ne. Kuma ba mu muka fara ba, a Luka sura 8 an lissafa matan da suka riƙa ɗawainiya da Yesu da almajiransa daga abin hannunsu, Maryamu Magadaliya da Yuwana da Suzana da wasu da yawa, ga kuma Dokas da take ɗinka wa gwauraye riguna. Mu gado muka tarar.

Ita zumuntar kanta, wanda ba ya ciki ba zai gane daɗinta ba. Mace ta haihu mu ne, ta kwanta asibiti mu ne da kwanon abinci, mijinta ya rasu mu ne za mu kwana da ita a tabarma har a watse, kuma bayan an watse ɗin, lokacin da dangin miji suka fara ƙirga gona da kwanon rufi, nan ma mu ne muke zuwa mu zauna mu ce a ji tsoron Allah a bar wa marayu gadonsu. Mata nawa suka koyi karatu a zumunta saboda suna so su karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa da idonsu, mata nawa suka koyi ɗinki da yin sabulu da man shafawa, mata nawa suka samu jari daga adashinmu. Akwai wadda ta zo mana da fuska a kumbure ta ce ƙofa ta buge ta, uwar zumunta ta kalle ta kawai, da yamma sai ga tsofaffi huɗu a ƙofar gidan mijin da Littafi a hannu. Ban san abin da suka faɗa masa ba amma ƙofar nan ba ta sake bugun kowa ba.

Sai 2014, shekarar da ba za mu manta ba har mu koma ga Ubangiji. A watan Afrilu aka kwashe 'yan mata 276 a makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan ekklisiyarmu ne, iyayensu mata da yawa 'yan zumunta ne da muke haɗuwa a taro. A ƙarshen Oktoba kuma Boko Haram suka shiga Mubi suka kama hedkwatar EYN a Kwarhi, sai da shugabanninmu suka koma Jos da zama. Ni da yarana a ƙafa muka fito, ta daji ta kan duwatsu, ba takalmi ba ruwa, kuma a cikin ayarinmu akwai Musulmi akwai Kirista ba wanda ya tambayi wani addininsa, maƙwabciyata Hajiya ita ta goya mani autana da zaninta da na gaza. Da muka iso Yola waɗanda suka fara tarbar mu matan zumunta ne, suka dafa suka ba mu zannuwansu na sawa suka raba mu gida gida, wata gwauruwa mai ɗaki biyu ta ɗauki mutum sama da goma. Babban cocin Katolika na St Theresa a ƙarƙashin Bishop Stephen Mamza ya buɗe ƙofa ga 'yan gudun hijira, kuma kowa ya san hannun da ke juya tuwon mutane masu yawa haka hannun mata ne. A cikinmu aka samu Dokta Rebecca Dali da ƙungiyarta CCEPI, tana bin gwauraye da marayu da matan da suka kuɓuto daga daji waɗanda har danginsu suke ƙyama, Musulmi da Kirista duka, har aka ba ta lambar yabo ta aikin jinƙai ta Sergio Vieira de Mello a 2017. A watan Fabrairun 2020 ma da aka kai hari Garkida aka ƙone majami'a, matan zumunta suna garin suna taronsu na gunduma, Allah ya tsare su, kuma hakan bai sa mun daina taro ba.

In kuma maganar fitowa a yi magana ce, a tuna Maris 2010 bayan kisan da aka yi a ƙauyen Dogo Nahawa kusa da Jos, mata ne suka sa baƙaƙen kaya suka cika titunan Jos suna cewa ya isa haka. A Kaduna a wannan shekarar aka kafa majalisar mata ta addinai biyu wadda Sista Kathleen McGarvey ta assasa, inda matan coci da matan Musulmi irin su FOMWAN suke zama tebur ɗaya. Har yau ba mu daina ambaton Leah Sharibu, ɗalibar nan Kirista, a addu'a ba tun da Boko Haram suka ɗauke ta a makarantar Dapchi a Fabrairun 2018. Ina faɗin wannan ne don 'yan'uwana mata Musulmi masu karanta jaridar nan su san cewa hawayen uwa iri ɗaya ne, wadda aka kashe wa ɗa a Zamfara da wadda aka kashe wa a Mangu ba wadda ta fi wata jin zafi.

To yanzu ga inda yake mani ciwo, kuma da iyayenmu fastoci da dattawan ekklisiya nake, cikin ladabi. In za a yi gini a kira matan zumunta, in za a sayi mota a kira matan zumunta, in baƙi sun zo matan zumunta su dafa, in fasto zai yi tiransfa matan zumunta su yi sallama da kaya, amma ranar da za a zauna a yanke yadda za a kashe kuɗin sai a sa mace ɗaya a kwamiti don a ce an sa, sau da yawa ma tana can madafa tana haɗa wa 'yan mitin abinci har a gama. Akwai shekarar da muka tara kuɗi musamman don masu bishara, wata takwas muna tarawa, mata suna sayar da ƙosai da itace suna kawowa, na miƙa da hannuna, daga baya muka ji an juya shi zuwa wani aiki ba tare da an gaya mana ba. Ban ce an ci ba, Allah ya kiyaye in ɗora wa wani abin da ban gani ba, aikin da aka yi ma na Allah ne. Amma ni ce na tsaya gaban tsofaffin nan suna tambayata ko kayan sun isa ƙauye, na rasa bakin magana. Da na nemi a ba mu rasit da bayani sai aka ce Mama ki yi haƙuri ki bar wa dattawa. Haba iyayenmu. Wadda ta iya tarawa ai ta iya jin inda aka kai. Ba maganar naɗa mata fasto nake ba, wannan zance ne daban kuma ba shi ya kawo ni ba, cewa nake a karanta mana lissafi a fili, in an karɓi kuɗi da sunan bishara a kai shi bishara, in dole ta sa za a canza a dawo a nemi yardarmu, kuma a ba mu kujeru na gaske a inda ake yanke shawara.

Mu ma kanmu sai mun gyara, ba zan ɓoye ba. Anko ya yi yawa. Taron gunduma zani, bikin cika shekara zani, sallamar shugaba zani, ga kuɗin mota ga kuɗin rajista ga tara in kin makara, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda mudun masara da kuɗin mota suka koma. Na san mata da suka daina zuwa zumunta ba don sun ja da baya a bangaskiya ba, kunya ce kawai, ba su da sabon zani kuma sunansu yana cikin littafin bashi. Wannan littafin a hannuna yake, duk ran da na buɗe shi na ga sunan gwauruwa mai marayu biyar ana bin ta kuɗin anko sai jikina ya yi sanyi, don ita ce fa muka ce mun taru domin ta. Yesu da ya zauna yana kallon masu zuba baiko, gwauruwa mai anini biyu ya yaba, to ya za a yi mu kore ta da tsadar zani? A zumuntarmu mun fara yafe wa gwauraye da tsofaffi, kuma mun ce tsohon zani ma zani ne in dai an wanke, ina roƙon shugabanninmu na sama su mai da shi doka a ko'ina.

Sai 'yan siyasa. Lokacin kamfen sun san hanyar majami'a sarai, su zo da atamfa da Maggi da 'yar ambulan a ce iyayenmu mata ku yi mana addu'a, a sa mu layi a rana mu yi waƙa a ɗauki hoto, an ci zaɓe kuma ko lambarsu ba ta shiga. Mata 'yan'uwana mu daina sayar da muryarmu da arha haka. Wanda ya zo mu zaunar da shi mu tambaye shi zancen asibitin haihuwa da ba ungozoma, da makarantar da ba katanga, da gonakin da ba ma iya zuwa saboda tsoro, da 'yan gudun hijirar da har yanzu ba su koma gida ba, in ba shi da amsa ya ɗauki atamfarsa ya yi gaba.

Edita, roƙona gare ku shi ne ku riƙa aiko wakilanku, kuma kada su tsaya a ranar babban taro da ake rawa. Su zo ranar zumunta ta mako, da la'asar, lokacin da mata suke shigowa daga kasuwa da gona da ƙura a ƙafa, kowace da ɗan ƙullinta a gefen zani. A ƙarshen watan nan ma za mu ɗaure buhunan da za mu kai ƙauye, in wakilinku zai iya hawan babur ya bi mu, akwai wuri.

Na gode da ba ni fili, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Taku,
Wata 'yar zumunta,
Jimeta, jihar Adamawa