Amsa ga Baba Dattijo: ban zubar da mutuncin mahaifina ba

Baba barka da hutawa, ya gida ya iyali. Na ga tambayar da kuka yi mini a Facebook ranar Litinin, yau kwana uku ina juya ta a raina. Da son samu ne in biyo ku gida in durƙusa a zaure mu yi magana kamar yadda aka tarbiyyantar da ni, to amma tunda a bainar jama'a kuka ajiye ta, har waɗanda ba su taɓa taka ƙauyenmu ba suna tofa albarkacin bakinsu a ƙasa, dole a nan zan amsa.

Don wanda bai gani ba, a taron bishara na makon jiya da mai wa'azi ya ce duk mai son ba da ransa ga Yesu ya fito, na ajiye gita na fita gaba na durƙusa. Shi ne Baba ya rubuta cewa ɗan mai bishara guda, wanda aka yi wa baftisma tun yana yaro, yau shi ne ya shiga layin mashaya yana cewa yanzu ya karɓi Yesu, to duk shekarun nan arne ne ke mana waƙa a coci? Sannan kuka rufe da cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, da marigayi yana raye da baƙin ciki ya kashe shi.

Baba wannan ta ƙarshen ita ta hana ni barci. Kun san mahaifina, tare kuka yi ajin koyon karatu, ku kuka riƙe gefen akwatinsa ranar jana'iza, ta yaya bakinku ya iya ɗauko shi daga kabari don ku doke ni da shi? Mutumin da ya yi shekara 31 yana taka keke tsakanin ƙauyukan Maguzawa a ƙasar Malumfashi, damina da rani, wani lokaci albashinsa kwanon dawa ne, me kuke tsammani yake gaya wa mutane in ya zauna ƙarƙashin bishiya? Ni nake riƙe masa fitila a wa'azin dare, kunnena ya ji. Cewa yake kowa da bakinsa zai amsa, ba a shiga mulkin Allah a goye. Abin da na yi ran Asabar shi ne abin da ya ƙare rayuwarsa yana roƙon mutane su yi, laifina kawai na makara.

Kuma in gado ne ai da yanzu ni da ku muna yanka wa iskoki baƙin bunsuru. Kakana Bamaguje ne, a gidan tsafi ya tashi, ranar da ya ce zai bi Yesu ubansa ya kwashe masa gona ya ce kar ya ƙara sa hannu a akushinsu. Da ya tsaya kan kyan ɗa ya gaji ubansa, da babu mahaifina mai bishara balle ni. Su kansu Turawan mishan na SIM da suka sauka Legas a 1893, Bingham da Gowans da Kent, biyu daga cikinsu ba su yi shekara biyu ba suka mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida, ba don su ƙara wata ƙabila mai suna Kirista a kan ƙabilun da muke da su suka zo ba. Cocinmu ECWA ɗin nan da kuke dattijo a cikinta, da ta tsaya da ƙafarta a 1954, me ya sa ba ta yi wa jariri baftisma, sai dai a miƙa shi ga Allah a jira ya girma? Ai don ya buɗe baki da kansa ne. Wannan ku kuka koya mana a Makarantar Lahadi Baba, ba daga waje na ɗauko ba.

To zancen baftismata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗa. Shekarata 15, mu goma sha wani abu a aji, an ba mu tambayoyi mun haddace amsa kamar jarrabawar firamare, abokaina duk za su shiga ruwa, mama ta riga ta ɗinka mini farin kaya, wa ya isa ya ce bai shirya ba? Da dattawa suka kira mu ɗaya bayan ɗaya, ku kanku kuna wurin, ganina kawai aka yi aka ce a'a wannan ɗan malam ne, wuce. Ba wanda ya tambaye ni ko na tuba. Na shiga rafi na fito da jiƙaƙƙen kaya da zuciyar da na shiga da ita, daga nan shekara 21 ina cin Jibin Ubangiji, ina jan waƙa ran Lahadi, ran Litinin kuma abin da nake yi ni da Allah muka sani, matata ma ta san rabi, ta sha kuka a kai. A Littafi Mai Tsarki, Sama'ila a cikin haikali yake kwana yana yi wa Eli firist hidima, amma 1 Sama'ila 3:7 ta ce a lokacin bai riga ya san Ubangiji ba. 'Ya'yan Eli kuwa firistoci ne sukutum, Littafi ya ce ba su san Ubangiji ba, kuma kun san ƙarshensu. Nikodimu malamin Isra'ila ne, shi Yesu ya ce wa dole a sāke haifarku. Ni wane ne da za a ce na fi ƙarfin wannan kira don ubana ya riƙe coci?

Abin da ya fara tsinka mini zuciya labarin Leah Sharibu ne. Yarinya 'yar shekara 14, aka kwashe ta da sauran 'yan mata daga makaranta a Dapchi a Fabrairun 2018, aka sako sauran da suka rayu aka riƙe ta don ta ƙi sakin bangaskiyarta. Sai kuma Rabaran Lawan Andimi na cocin EYN a Michika da aka kashe a Janairun 2020. Duk lokacin da muka tashi yi musu addu'a a coci sai in ji wata murya a cikina tana cewa kai fa, in kai ne a gaban bindiga me za ka riƙe, katin baftisma ko sunan babanka? Na san amsar, shi ya sa na yi shekaru ina gudun ta, in ƙara wa gita sauti in yi kamar ban ji ba.

Sauran maganganun, wai wani sabon coci ne ya hure mini kunne, wai suna nake nema, ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Ina nan inda aka haife ni, kuma mai neman suna ba ya durƙusa kusa da mutumin da duk gari ya sani da burkutu. Shi wannan bawan Allah da kuka kira mashayi, kukan da ya yi a gefena ya fi duk waƙoƙin da na taɓa rerawa gaskiya. Sai dai Baba in tambaye ku, lambata tana wayarku, gidana da naku ba nisa, me ya sa sai Facebook? Jama'a na cewa zaɓen dattawa da ke tafe ne, don an ji matasa na ambaton sunana. In haka ne hankalinku ya kwanta, ba na nema, mutumin da bai yi sati da tuba ba ina shi ina kujerar dattijo.

Abin da ke ci mini rai ya wuce ni kaɗai. Mun mayar da ikilisiya wurin ƙidayar kai, a cika rajista a kai rahoto sama, baftisma ta zama katin da ake nema in aure ya matso. Yaran fastoci da na dattawa su ne ba a taɓa tambaya, su ne kuma suka fi jin kunyar fitowa, don sun san washegari za a ce sun tona wa gida asiri. Tun ran Litinin mutum huɗu suka yi mini magana a ɓoye, duk 'ya'yan manyan coci, ɗaya ta ce ƙafarta ta riga ta motsa a daren nan sai ta hango babanta a kujerar gaba ta koma ta zauna, yanzu da ta ga abin da aka yi mini ta ce ita kam ba za ta iya ba. Wannan yarinyar tana wuyanku Baba, ba a wuyana ba.

Na je wurin fasto na gaya masa komai, na ajiye gita har sai abin da dattawa suka yanke, ko horo ne zan ɗauka da hannu biyu. Roƙona ɗaya, ku cire sunan mahaifina daga rubutun nan, ni ku bar nawa in kun ga dama. Mama ba ta iya karatu ba amma a Zumuntar Mata aka karanta mata, jiya ko tuwo ba ta ci ba. Ran Lahadi bayan sujada zan kawo ta gidanku, ku gaya mata da bakinku abin da kuke nufi.

Ɗanku.