Mamana, Wa Zai Sa Hannu Tare Da Ke?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mamana, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Ummanki na gaishe ki, ƙannenki ma haka. Gwaggonki ta samu sauƙi, har ta fara fitowa tsakar gida.

Na ga gara in rubuto miki da in kira, don na san halina, na kuma san naki. A waya, kafin in dire magana kin ce "to Baba", kin rufe zancen da ladabi, alhali abin da ke ranki yana nan yadda yake. Wannan kam ki daure ki karanta har ƙarshe.

Labari ya iso mana ta bakin yayanki, shi ma ba da son ransa ya faɗa ba, sai da na matsa masa. Wai ku 'yan wasan ƙwallon ƙafa na kulob ɗinku kun shirya takarda zuwa ga shugabanni, kuna neman a biya ku albashin watannin da kuke bi, a kuma daidaita ladan wasanku da na ƙungiyar maza ta jihar. Wai in ba a amsa ba za ku daina fita atisaye. Duk wannan bai tayar min da hankali ba. Abin da ya hana ni barci shi ne da ya ce ke kika rubuta takardar, sunanki ne a sama, kuma ke aka wakilta ki kai ta ofis.

Kada ki zaci zan ce ba ku da gaskiya. Haƙƙinku ne, ba ni da ja. Kawunki ya zo nan bayan sallar Juma'a da maganarsa ta kullum, wai maza ne ke kawo kuɗi, su ake cika gidan kallo dominsu, don haka dole ladansu ya fi. Na ce masa wannan hujja ce ta manyan kulob-kulob na Turai, inda tikiti da talla da kuɗin talabijin ke biyan albashi. A nan fa? Yawancin ƙungiyoyin gasar ƙasar nan, na maza da na mata, gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da su. Baitulmali ɗaya ake ɗebowa, kuma dukiyar da ke ciki ta mace ce kamar yadda take ta namiji. To da wane mudu aka auna aka ce gumin wannan ya fi na waccan tsada? In kuwa nasara za a duba, Super Eagles sau 3 suka ɗauko kofin Afirka, a 1980 da 1994 da 2013. Super Falcons sau 10. Amma a 2019 an ruwaito cewa in aka ci wasa a babbar gasa, ɗan wasa namiji dala 10,000 ake ba shi, mace kuwa dala 3,000.

Shi kansa zancen cewa ba a kallon wasan mata, ai yana da asali. A Ingila, a watan Disamba na 1920, mutum 53,000 ne suka cika filin Goodison Park a Liverpool don kallon mata suna taka leda. Shekara na zagayowa hukumar ƙwallonsu ta hana mata wasa a filayen kulob-kulob ɗinta, aka yi wajen shekara 50 a haka. An tare musu hanya tsawon wannan zamani, yanzu kuma ana tambayar me ya sa suka makara. A gasar kofin duniya ta maza da aka yi a Qatar a 2022, dala miliyan 440 FIFA ta raba. Ta mata a Ostireliya da New Zealand a 2023, dala miliyan 110. Duk waɗannan na bi su ɗaya bayan ɗaya tun ranar da kika fara wannan sana'a, don kada wani ya zo ƙofar gidana ya faɗi magana a kanki in rasa amsa.

Don haka ba jahilci ke sa ni magana ba, Mamana. Tsoro ne, kuma na san abin da nake tsoro.

Ki duba su kansu Falcons ɗin da kike burin kaiwa matsayinsu. A 2004 sun ci kofi a Afirka ta Kudu, suka ƙi barin otal sai an biya su. A 2016 sun doke Kamaru da ci 1 da nema a Yawunde, a gaban jama'arta, suka dawo Abuja suka yi zaman dirshan a otal kusan mako biyu, har sai da suka taka zuwa majalisar dokoki ta ƙasa riƙe da kwalaye kafin kuɗi ya fito. A 2019, bayan Jamus ta fitar da su daga gasar kofin duniya a Faransa, haka suka sake yi. A 2022 a Maroko suka ƙaurace wa atisaye ana gab da wasan neman na uku. Kowane karo sai da aka kai ruwa rana. Yanzu ki tsaya a kan mace ɗaya, Desire Oparanozie. Ita ta zura ƙwallon nan ɗaya tilo a Yawunde. Ita ce kyaftin a Faransa. Ita ta tashi a bainar jama'a a 2019 ta nemi a daidaita ladan mata da na maza. Shekarar ba ta ƙare ba aka karɓe kambun kyaftin daga hannunta aka ba wata. Masu hukuma sun faɗi nasu dalilin, ita ma ta faɗi nata. Ni dai abin da idona ya gani ke nan: kuɗin ya shiga asusun kowa, kambun kuwa daga hannun mutum ɗaya ya fita. Kuma ita a lokacin kulob take yi wa wasa a Faransa, albashinta ba ya hannun kowa a ƙasar nan. Ke fa? Wanda za ki miƙa wa takardar nan shi ne ke sa hannu a albashinki, shi ke gaya wa koci wa za a sa, wa za a ajiye a benci, shi kuma za a kira in wani kulob yana son jin halinki.

Kin san abin da ya same ni a masaƙa, ba sai na maimaita miki ba. Amma akwai abin da ban taɓa gaya muku ba. Ranar taron neman ƙarin albashi, rumfar cike take maƙil, kowa na cewa "muna bayanka, Malam, ko ina za ka muna nan". Ranar da aka manna takardar sallama a jikin ƙofar shiga, sunana ne na farko. Na tsaya ina karantawa, mutanen da suka ɗaga ni sama a taron suna wucewa ta gefena, kowa riƙe da kwanon abincinsa, kowa idonsa a ƙasa. Ban riƙe su a zuci ba, suna da iyali. Ƙarin da muka nema an yi shi daga baya, suka ci moriyarsa, ni ina gida. Ba na nadamar abin da na yi, ko yau aka dawo da ni can haka zan yi. Amma ni namiji ne mai sana'a a hannu, na koma kan keken ɗinki na ciyar da ku. Sana'arki a gwiwarki take, kuma kwananta ƙidayayye ne. In aka ajiye ki a benci kaka ɗaya, aka raɗa wa sauran kulob-kulob cewa yarinyar nan mai tayar da fitina ce, wa zai dawo miki da wannan shekarar?

Wannan tunanin ne ke bina har kan sallaya. Ina ganinki kin shiga ofis ɗin nan da takarda a hannu, kin waiwaya, babu kowa a bayanki.

Kuma a nan dole in yi miki faɗa. Yaushe kika je wurin da har kika zama bakin kowa? Ina manyan da suka shekara da shekaru a ƙungiyar, ina kyaftin ɗinku? Don kin fi su iya rubutu shi ke nan sai su tura ki gaba su laɓe? Akwai masu zuga, Mamana, kuma mai zuga ba ya kwana da ciwon abin da ya zuga. Abin da ya fi ɓata min rai ma, a bakin wani na ji. Ni da na tsaya gaban dangi kaf ranar da suka taru a zauren Alhaji, na ce 'yata za ta buga ƙwallo da hijabinta da dogon wandonta, wanda bai ji daɗi ba ya yi haƙuri. Ni da na shiga layin 'yan gwanjo ina juya takalma ɗaya bayan ɗaya, ina danna tafinsu da babban yatsa don in samo miki wanda ƙusoshinsa ba su cinye ba. Har yau akwai gidajen da ummanki ba ta shiga da sakin jiki saboda wannan magana. Ashe duk da haka ban kai a yi shawara da ni ba? Ko kin ɗauka zan hana ki ne? Yaushe na taɓa hana ki neman abin da yake naki?

To, na faɗa, ya wuce. Na san ba raini ba ne, gudun tayar mana da hankali ne. Halin mai sunanki ke nan, Allah Ya jiƙanta, ita ma ba ta iya ganin an danne wani ta yi shiru.

Yanzu ki saurari abin da na sani. Matan tawagar ƙwallon Amurka da ake ta ba da misali da su, ba mutum ɗaya ba ce ta je ta buga ƙofa. Biyar suka fara kai ƙorafi a 2016. A watan Maris na 2019 su 28 suka shigar da ƙara kotu, duk sunayensu a takarda, da lauyoyi, da ƙungiyarsu ta 'yan wasa. A 2020 alƙali ya yi watsi da babban ɓangaren ƙarar, ba su watse ba, suka ɗaukaka. Sai a Fabrairun 2022 aka sasanta a kan dala miliyan 24, daga baya aka rattaba hannu a yarjejeniyar biya daidai da maza. Shekara 6 ke nan, ga mata masu kofin duniya 4. Wadda na san ta tsaya ita kaɗai, Ada Hegerberg ta Norway, ta bar tawagar ƙasarta a 2017, ba ta dawo ba sai 2022, har gasar duniya ta 2019 ta wuce ta. Amma ita tana kulob ɗin Lyon na Faransa tana karɓar albashinta, a tsakanin ma aka ba ta Ballon d'Or, kyautar gwarzuwar 'yar ƙwallon duniya, a 2018. Tana da inda za ta jingina. Ki fara samun naki majinginin.

Saboda haka ga abin da nake so, kuma umarni ne na uba. Kada takardar nan ta fita da sunanki a sama. Ku zana da'ira a ƙasanta, kowace ta sa hannu a kewaye, yadda ba wanda zai ce ga ta farko ga ta ƙarshe. Tsohuwar dabara ce ta ma'aikata. Wadda ta ce tana tare da ku amma ba za ta sa hannu ba, kin san matsayinta tun yanzu. In hannayen ba su kai mafi yawanku ba, ki ninke takardar ki ajiye, lokaci bai yi ba. Ranar kaiwa kuma kyaftin ta shige gaba, ku tafi a ƙungiya.

Sannan ku raba buƙatun nan biyu. Albashin da kuke bi bashi ne, babu mai musun bashi, ku rubuta wata-wata da adadinsa. Ku duba ma ko abin da ake ba ƙananan cikinku ya kai naira 70,000, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024. Daidaito da maza kuwa doguwar tafiya ce. In kuka haɗa su wuri ɗaya, za a kama na biyun a yi ta gardama a kansa har a mance da na farkon. Ku nemi ƙungiyar 'yan wasa ta san da maganar. Su Falcons ma a 2023 sai da FIFPRO, ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, ta shigo cikin rikicinsu da hukumar ƙwallon ƙasa. Kuma don Allah ki cire hannunki daga Facebook a kan wannan batu. Abin da kika rubuta cikin fushi da dare, da safe an buga shi a takarda an ajiye a fayil ɗinki.

Na tuna murnarki a waya daren da Falcons suka doke Maroko 3 da 2 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Rabat, a Yulin 2025, bayan an tafi hutun rabin lokaci ana cinmu 2 da nema. Na tuna yadda muryarki ke rawa da aka sanar cewa shugaban ƙasa ya ba kowace 'yar wasa kwatankwacin dala 100,000 da gida da lambar girma. Na taya su murna har zuciyata. Sai dai kyauta ce, mai bayarwa ya ga dama ya bayar, kuma waɗanda suka je ne kaɗai suka samu. Ku da kuke kwana a mota kuna ratsa jihohi don wasan gasa, abin da zai riƙe ku shi ne abin da ke rubuce a kwantiragi. Shi ya sa nake son ganin naki da idona. Tun tafiyarki nake tambaya, kina cewa yana ofis. Ki karɓo kwafi. Ina son in ga me aka rubuta game da rauni: in gwiwar nan ta hagu ta sake tashi, wa zai biya asibiti, kuma albashi zai ci gaba ko zai tsaya. Akwai lauya a cikin 'yan masallacinmu, ya ce zai duba mana.

In an ba ku hutu ki zo gida kafin ku kai takardar, ko kwana biyu ne. In ba hali, ki kira ni bayan isha'i, ki karanta min ita daga farko har ƙarshe, mu gyara tare. Irin wannan rubutu na san kansa. Ummanki ba ta san zancen daina atisaye ba, na bar miki ki gaya mata da bakinki. Ta ba direban motar Asabar yaji da kuka da man shanu ya kawo miki, ki je tasha ki karɓa da wuri.

Allah Ya tsare min ke, Ya ba ku haƙƙinku cikin ruwan sanyi, Ya yi miki albarka.

Ni ne,
Babanki.