Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Karatun Jikana

Assalamu alaikum 'yata. Da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara.

Na samu saƙonki cewa yaron nan yana aji biyu bai iya haɗa baƙi ba, malaminsa kuma ya ce ba ya mai da hankali. Kada ki bari a dake shi a kan haka. Karatu daga kunne yake farawa: sai ƙwaƙwalwa ta rarrabe sautukan kalma kafin ido ya haɗa su da haruffa. Yaron da "kafa" da "ƙafa" ke shigar masa iri ɗaya, lanƙwasar harafin ba ta gaya masa komai.

Ki fara kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a auna jinsa. Bayan mura, ruwa kan taru bayan dodon kunne. Ba ya zafi, amma ji kan ragu da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 20 zuwa 30, yau ya ji gobe bai ji ba, sai a ɗauka taurin kai ne. Yawanci yakan wuce cikin wata 3. Kada a sa masa tsinke ko a ɗiga wani abu ba da izinin likita ba.

Idan kunne lafiya lau, ki gwada shi a gida. Ki aike shi abu uku a jere cikin shiru, gobe ki sake aikensa alhali an kunna rediyo. In a hayaniya kaɗai yake rikicewa, ware magana daga hayaniyar ne ke ba shi wuya. Gwajin asibiti na wannan matsalar ba a cika dogara da shi kafin shekara 7 ba. In ko a shiru ma yana manta biyu daga cikin ukun, riƙon magana ne gajere. Irinsa ne ke harhaɗa "ma-ka-ran-ta", kafin ya kai ƙarshe farkon ya ɓace.

Kullum minti 10 ya isa. Ku tafa gaɓoɓin kalma tare, ki ce ya cire "gi" daga "gida". Da dare ki yi masa tatsuniya ya maimaita miki da bakinsa. Wannan na fi ba muhimmanci, domin boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali: garin tuwo da garin Kano rubutunsu ɗaya, fahimtar zance ce ke raba su.

Ki roƙi malamin ya dawo da shi gaba, nesa da taga, don duk ninkin tazara yana rage murya da kusan desibel 6.

Ki turo mini sakamakon asibitin. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki