Kafin matasanmu su goya jaka su tsallaka iyaka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da ƙannenmu da 'ya'yanmu na Katsina da Daura, waɗanda a 'yan shekarun nan suka fara haɗa kai su uku ko huɗu, kowa ya goya jakarsa, su nufi ƙasashen maƙwabta yawon buɗe ido. Ba ma cikin masu cewa a hana su. Da ƙafa da jakuna kakanninmu suka riƙa zuwa Gwanja fataucin goro, kuma zangunan Hausawa da ke Salaga da Kumasi da Akara sawunsu ne. Sai dai ayari bai taɓa tashi kara zube ba. Akwai madugu uban tafiya, akwai jagaba masanin hanya, akwai uban dawaki mai riƙe da kuɗin fito. Wannan tsarin ne ya ɓace wa yaranmu, kuma rashinsa ne ke jawo yawancin wahalar da suke sha.

Tun a gida za a raba aikin. Mutum ɗaya ya zama shugaba, kamar yadda hadisi ya umarci mutum uku idan suka fita tafiya. Wani ya riƙe asusu da littafin lissafi, wani kuma ya ɗauki nauyin hanya da masauki. Mutum huɗu sun fi daɗin tafiya: suna cika ƙaramar mota, suna raba ɗaki biyu, kuma idan ɗaya ya kwanta ciwo, ɗaya ya zauna da shi, biyu su fita neman magani.

Sai takardu. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Benin da Togo da Ghana ba tare da biza ba har tsawon kwana 90, amma ba ta ɗauke masa katin allurar shawara ba, wato yalo kad. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka wanda ya yi ta ana gobe tafiya bai yi komai ba. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, kada wani ya ce muku ta tsufa. Game da Nijar kuwa, ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, kuma rufe iyakar da aka yi bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya nuna mana cewa ƙofa na iya rufuwa cikin dare ɗaya. Mai son bi ta Jibiya zuwa Maraɗi, ko ta Kongolam zuwa Damagaram, ya tambayi ofishin shige da fice da direbobin tasha a makon da zai tashi.

Abin da ya fi kama sababbin matafiya shi ne hatimi. A bakin iyaka za ku ga 'yan acaɓa suna cewa su zagaya da ku ta ɓarauniyar hanya, ba layi ba tambaya. Kada ku yarda. Wanda ya shiga ƙasa babu hatimin shiga, ranar fita ba shi da hujjar yadda ya shigo, kuma tarar da za a ɗora masa ta ninka abin da ya guje wa. Kowa ya miƙa fasfonsa da hannunsa, ya duba kwanan watan da aka buga kafin ya bar tagar. A yi kwafi biyu na fasfo da katin allura, ɗaya a ƙasan jaka, ɗaya a bar wa iyaye a gida.

Kuɗi ne ke raba abokai a hanya fiye da komai. Dalili kuwa shi ne yau wannan ya biya mota, gobe wancan ya biya abinci, ran na biyar kowa na ganin shi aka ƙwara. Maganinsa asusu guda: kowa ya zuba daidai da na ɗan'uwansa, daga ciki a biya mota da masauki da abincin haɗaka, a rubuta kowane dare kafin a kwanta. Tsaraba da kwaɗayi kuwa kowa da aljihunsa. Sefa ake kashewa a Benin da Togo da Nijar, sidi a Ghana. A canza kaɗan a bakin iyaka, abin da zai kai ku gari, kuma a ƙirga a hannu kafin a miƙa naira. Kada a dogara da katin banki sai an tabbatar a banki cewa zai yi aiki a waje. Tsabar kuɗi a kasa ta uku: aljihu, ƙasan jaka, da ɗan lalita a ƙarƙashin riga. Kuɗin komawa gida a naɗe shi daban, ba a taɓa shi ko da yunwa.

Jaka mai cin lita 40 zuwa 50 ta isa tafiyar mako uku. Nauyinta kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗaukarta. Mai kilo 65 ya tsaya a kilo 13. Kaya masu nauyi a sa su a tsakiya, manne da gadon baya, masu sauƙi a ƙasa, abin da ake yawan buƙata a sama. A ɗaure ɗamarar ƙugu tamau, domin ƙugu ya kamata ya ɗauki yawancin nauyin; wanda ya bar wa kafaɗu, kafin azahar wuyansa ya sage. Riguna uku, wando biyu, gidan sauro, tocila, ƙaramin kwaɗo, siririyar darduma, sabulu da igiyar shanya. Sabon takalmi a fara sa shi mako biyu kafin tafiya, in ba haka ba ya yi wa mutum kanta a ranar farko. Ghana na amfani da soket mai baki uku irin namu, amma Benin da Togo da Nijar mai baki biyu zagayayye ne, sai a sayi mahaɗi tun daga nan.

Daga Katsina zuwa Legas ya haura kilomita 1,000. Daga Legas zuwa Kwatano ta Seme kimanin 120, Kwatano zuwa Lome kimanin 150, Lome zuwa Akara ta Aflao kimanin 190. A takarda gajeruwar tafiya ce, amma shingaye da iyakoki uku na cinye yini guda cur. A tashi da asuba, a sauka kafin magariba, kuma a tuna agogon Togo da Ghana yana bayan namu da awa ɗaya. Watannin Nuwamba zuwa Fabrairu sun fi dacewa, domin a Mayu da Yuni ruwan kudu na ɓata hanyoyin daji.

A masaukan matafiya masu rahusa akwai ɗakin haɗaka mai gadaje shida ko takwas, inda za ku haɗu da Turawa da 'yan Asiya da 'yan Afirka 'yan'uwanmu. Wannan haɗuwar na daga cikin ribar tafiyar. Wanda ya fito jiya daga inda za ku gobe ya fi kowane littafi sanin kuɗin mota da halin hanya, kuma da shi za ku iya haɗa kuɗin ɗan jagora ko shatar mota. Ku tambaya tun wajen biya ko ɗakin maza daban yake da na mata, domin da yawa a gauraye suke. Ku faɗi cewa ba ku cin alade ba ku shan giya, ba tare da kunya ba. Galibi girmama mutum ake yi a kan haka. In kun shiga gari mai zango, ku je ku gai da sarkin zango ko limami, domin ranar da wani abu ya taso, su ne dangin da kuke da su.

Amma sabo na kwana biyu yana da iyaka. Kada ku riƙe wa kowa ƙunshi ko jaka ku tsallaka da ita, ko da ya ce magani ne na mahaifiyarsa; abin da aka samu a hannunka naka ne a gaban doka. Kada fasfo ya kwana a hannun wani. Wanda ya fara yi muku zancen aiki a Turai ta hanyar Agadas da Libiya, ku tashi daga wurin. Kuma kada ɗaya daga cikinku ya ɓalle ya bi sababbin abokai ba da sanin shugaba ba.

Wasannin kasada su ne abin da ya fi jan matasa, kuma akwai masu kyau a kusa. A dajin Kakum kusa da Cape Coast a Ghana akwai gadojin igiya guda bakwai da aka ɗaura a saman bishiyoyi, tsawonsu kimanin mita 350. A je da sassafe kafin cunkoso, a riƙe igiya da hannu biyu, a bar tazara tsakanin mutum da mutum, domin tsalle ko gudu ne ke sa gadar lilo. A Wli kusa da Hohoe, a Ghana ɗin dai, magangarar ruwa ta ƙasa tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce, ta sama kuwa hawa ne mai tsauri na awoyi, ba a yin sa babu ɗan jagora. Dutsen Agou na Togo, kusa da Kpalime, mita 986 ne. Kowa ya ɗauki ruwa lita biyu zuwa uku, kuma a sani cewa a gangarowa aka fi zamewa, lokacin da gwiwa ta gaji. A gandun dajin Mole na Ghana ana zagaya ganin giwaye da ƙafa tare da ma'aikaci mai bindiga, inda ya ce a tsaya nan ake tsayawa. A Kwahu kuma, ita ma a Ghana, tun 2005 ake bikin tashi sama da lema a lokacin Ista. Baƙo yana tashi ne ɗaure da ƙwararren matuƙi. Kafin ka yarda, ka ga hular kwano, ka ga an ɗaure maɗauran cinya da na ƙirji an ja an gwada, ka tambayi lemar ko-ta-kwana. In matuƙi ya ce iska ba ta yi ba, kada a matsa masa don an riga an biya. Mai inshorar tafiya ya karanta takardarsa, domin da yawa ba sa biyan raunin da aka ji a irin waɗannan wasanni.

Teku ce ta fi ba mu tsoro a kan yaranmu. Wanda ya koyi iyo a kududdufi ko a dam ɗin Zobe bai san ruwan Kwatano da Lome ba. Igiyar ruwa na tara ruwa a gaɓa, sai ya nemi wata siririyar kafa ya koma ciki da ƙarfi. Wurin yakan yi lumui kamar ba komai, shi ya sa baƙo ke zaɓarsa. In ya ja mutum, kuskuren da ke kisa shi ne ƙoƙarin komowa gaɓa kai tsaye, har ƙarfi ya ƙare. A bar shi ya ja, a yi iyo a kaikaice, gefe da gaɓa, har a fita daga kafar, sannan a juyo. Wanda bai iya iyo sosai ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa, kuma kada aboki ya faɗa ceto hannu sake. A jefa jarka ko igiya, a yi kururuwar masunta. Haka nan kwalekwalen zuwa Ganvie, garin da aka gina a kan tafkin Nokoue a Benin, a nemi rigar ruwa kafin a shiga.

Gudawa ta fi kowace cuta kwantar da matafiyi. A sha ruwan gora mai hatimi, ko a tafasa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. In ta kama, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa sha. In an ga jini ko zazzaɓi, sai asibiti a ranar. Salla kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya ana ƙasaru a tafiyar mil 48, kimanin kilomita 80, kuma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya zai cika.

Ga iyaye, muna roƙon ku nemi a rubuta muku jerin garuruwa da ranakun isa da lambar kowane ɗan tafiya. A yi alƙawarin kira kowace rana bayan isha'i, kuma a ajiye lambar ofishin jakadancin Najeriya na Kwatano da Lome da Akara kafin mota ta bar tasha.

Wassalam.

Daga wasu tsofaffin matafiya,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.